Daga Funtua zuwa Arakan: Adimiral, limamin Buddha da manomin da aka manta a Yaƙin Bama

Matashin da ya baro Funtua ko Malumfashi domin shiga aikin soja, galibi zangonsa na farko shi ne makarantar horar da kurata da ke Zariya, cikin barikin da ake kira Chindit. Wannan suna ba Hausa ba ne, ba kuma asalin Turanci ba ne. Ya samo tushe daga kalmar “chinthe” ta harshen mutanen Bama, ƙasar da yanzu ake kira Myanmar, wato mutum-mutumin zaki da ake girkewa a ƙofar wuraren bautar mabiya addinin Buddha domin ya yi gadi. Idan aka tura matashin Kaduna, zai tarar da barikin Dalet da na Kalapanzin. A Legas akwai barikin Dodan, fadar mulkin Najeriya daga 1966 zuwa 1991, da Arakan da Tamandu da Myohaung, a Ibadan kuma akwai Letmauk. Dukkansu sunayen garuruwa ne da koguna da yankuna na yammacin Bama, inda dubban ’yan Najeriya suka gwabza da sojojin Japan tsakanin 1943 da 1945.

Yaƙin ya haɗa mutane iri uku a ƙasa ɗaya. Akwai hafsan sojan ruwan Birtaniya da ya jagoranci rundunar baki ɗaya, akwai limaman addinin Buddha waɗanda a ƙasarsu aka yi faɗan, sannan akwai talakan ƙasar Hausa da aka ɗauko daga gona aka ƙetare teku da shi. Na farko an yi masa fim da mutum-mutumi. Na biyu an sa wa tituna sunayensu. Na uku sai sunan wurin da ya faɗi ne ya dawo gida, aka rubuta shi a ƙofar bariki, shi kuwa nasa sunan ya ɓace. Yadda aka yi wannan rabo darasi ne ga yankin da har yau ’ya’yansa ke mutuwa riƙe da bindiga.

Yadda manomin auduga ya zama soja

Lokacin da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a watan Satumban 1939, kudancin Lardin Katsina ya riga ya zama rumbun Turawa. Kamfanin noman auduga na Birtaniya ya kafa injin gurzar auduga a Funtua, layin dogo kuma ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua ya wuce Gusau har Ƙaura Namoda tun ƙarshen shekarun 1920. Mulkin ƙasa na hannun En’e: Sarkin Maska a Funtua, Galadiman Katsina a Malumfashi, ƙarƙashinsu dagatai da masu unguwanni. Tsanin da haraji da jangali ke bi su hau zuwa baitulmali, shi ne dai umarnin Razdan ke bi ya sauko zuwa ƙauye.

Ta wannan tsani aka ɗebi soja a Arewa. A takarda, shiga soja ganin dama ne. A aikace kuwa, idan gwamnati ta nemi mutane daga sarki, sarki ya nema daga hakimi, hakimi ya nema daga dagaci, wanda ba shi da gata shi ake fara nunawa. Wasu sun tafi da ƙafarsu saboda albashi da kaki da tserewa haraji, wasu an tura su ne. A daidai wannan lokaci, bayan Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942 ta toshe wa Birtaniya hanyar samun kuza, gwamnati ta ƙaƙaba aikin tilas a ma’adinan Jos, abin da talakawa suka laƙaba wa suna “ɗiban gwamna”. Daga 1942 zuwa 1944 an kwashi dubun dubatar manoma daga lardunan Arewa zuwa ramukan kuza, da yawa kuma sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka halaka su. Gidan da ya tsira daga kaki bai zama lalle ya tsira daga rami ba.

Gwamnati ta haɗa da lallashi. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a watan Janairun 1939 ƙarƙashin editanta Abubakar Imam, ita ce ta riƙa kai labarin “Yaƙin Hitila” kasuwanni da zaurukan hakimai. Hausa kuma ta daɗe da zama harshen bariki a rundunar Najeriya, har hafsoshin Turawa kan koye ta domin ba da umarni. Kafin yaƙin ya ƙare, ’yan Najeriya kimanin 120,000 ne suka sa kaki. Sojojin Afirka ta Yamma kimanin 90,000 aka kai fagen Asiya, fiye da rabinsu daga Najeriya.

Teku, daji da gammo

An kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma a watan Maris na 1943, sai Runduna ta 82 a watan Agustan shekarar. Janar George Giffard, wanda ya taɓa shugabantar sojojin Birtaniya a Afirka ta Yamma kafin a mayar da shi Indiya, yana cikin waɗanda suka matsa a kai su Bama, bisa tunanin cewa mutumin Afirka ya saba da kurmi. Wannan tunani bai yi la’akari da cewa ɗan Maska ko ɗan Dayi ɗan fili ne ba, wanda ya tashi cikin dawa da gero da kuka da ɗorawa, bai taɓa ganin teku ba balle kurmin gora.

Rukunin farko sun shiga jiragen ruwa a Legas, suka zagaya ta kudancin Afirka, suka yi makonni a kan ruwa kafin su sauka Bombay, a lokacin da jiragen ƙarƙashin teku na Jamus ke farautar ayarin jiragen Birtaniya a Tekun Atilantika. Daga Indiya aka tura su Arakan, wato jihar Rakhine ta yau, wata siririyar ƙasa tsakanin duwatsu da gaɓar Tekun Bengal. Ruwan saman da ke sauka can a shekara ya ninka na Funtua sau huɗu ko fiye. Babu hanyar mota, sai koguna da rafuka da fadamu masu cika da janyewa tare da igiyar teku.

A ƙarshen 1943 sojojin Runduna ta 81 suka sassaƙa hanyar jif mai tsawon mil 75 cikin duwatsu da adda da diga da shebur, domin isa kwarin Kogin Kaladan. Ita ce babbar runduna ta farko da ta yi yaƙi na tsawon watanni tana dogaro kacokan da abinci da harsashin da jiragen sama ke jefo mata. Abin da jirgi ya jefo kuwa, sai an ɗauke shi a ka. Saboda haka kowace runduna tana da dubban sojojin dako, masu ɗaukar kaya da raunanan sojoji a kan tudu da cikin taɓo, akasari ba tare da bindiga a hannu ba. Tambarin Runduna ta 82 ya faɗi gaskiyar lamarin: masu biyu a gicciye a kan gammo.

Wani ɓangare, Birged ta 3, wadda ta ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Najeriya, an ware ta aka haɗa da dakarun Janar Orde Wingate, waɗanda ake kira Chindit. A 1944 aka sauke su da jiragen sama a bayan sahun Japanawa, suka tsare sansanin da aka laƙaba wa White City. Daga nan barikin Zariya ya samo sunansa.

Masarautar Katsina tana da nata shafi a wannan tarihi. Jim kaɗan bayan hawansa gadon sarauta a 1944, Sarkin Katsina Alhaji Usman Nagogo ya yi tattaki zuwa Indiya da Bama ya gana da sojojin Najeriya. Ga Turawa, ziyarar ƙarfafa gwiwa ce. Ga sojan da ya baro ƙauyensa bisa umarnin dagaci, sarkin da aka ɗebe shi da sunansa ne ya biyo sawunsa har bakin daga.

Adimiral mai sunan Bama

Babban kwamandan duk waɗannan dakaru sojan ruwa ne, Lord Louis Mountbatten. An haife shi a 1900, tattaɓa-kunnen Sarauniya Victoria ne, kuma tun yana yaro ya shiga rundunar ruwa. A farkon yaƙin ya shugabanci jirgin yaƙi mai suna HMS Kelly. Jirgin ya taka nakiya a 1939, ya yi karo da wani jirgi a 1940, makamin Jamus ya huda shi a watan Mayun shekarar, sannan a ranar 23 ga Mayu, 1941, jiragen saman Jamus suka nutsar da shi kusa da tsibirin Crete. Kusan rabin ma’aikatansa suka mutu, Mountbatten ya tsira.

Shekara guda bayan haka, a 1942, abokinsa Noël Coward ya fitar da fim da aka gina a kan labarin jirgin, wanda ya mayar da asarar ta zama abin alfahari a idon ’yan Birtaniya. A watan Agustan wannan shekara, harin da ofishin Mountbatten ya tsara a kan garin Dieppe na Faransa ya ƙare da mutuwar sojojin Kanada fiye da 900, aka kama kusan 2,000. Duk da haka, a 1943 Firayim Minista Winston Churchill ya ɗora shi a kan rundunar ƙawance ta Kudu maso Gabashin Asiya.

Ba za a hana shi nasa ba. Ya matsa a ci gaba da yaƙi ko da damina, ya ba yaƙi da zazzaɓin cizon sauro muhimmanci, ya kuma samo wa dakarunsa jiragen jigila. A Arakan, ƙarfin ruwa ne ya karya lagon Japan a farkon 1945. An sauke sojoji daga teku a tsibirin Akyab da Myebon da Ramree da Kangaw a cikin watan Janairu, ƙananan jiragen ruwa na Birtaniya da Indiya suna kutsawa cikin rafuka. Amma dabarar ba za ta yi aiki ba sai da masu matso abokan gaba ta tudu, kuma Runduna ta 81 da ta 82 ne suka yi wannan aiki. Su suka kama Myohaung a ƙarshen Janairu, Runduna ta 82 kuma ta ci gaba da gangarawa kudu ta Dalet da Tamandu har damina ta faɗi.

Mountbatten ne ya karɓi miƙa wuyan sojojin Japan a Singafo ranar 12 ga Satumba, 1945. Aka ba shi sarautar da ke ɗauke da sunan ƙasar, ya zama Mountbatten na Bama, ya zama wakilin Sarkin Ingila na ƙarshe a Indiya a 1947, daga baya ya shugabanci rundunar ruwan Birtaniya. ’Yan tawayen IRA suka kashe shi da bam a cikin kwalekwalensa a Ireland ranar 27 ga Agusta, 1979. Ya bar ɗakin ajiyar takardu, an rubuta tarihinsa sau da yawa, mutum-mutuminsa na tsaye a Landan tun 1983. Masana na ci gaba da jayayya kan kurakuransa, amma jayayyar ma tana yiwuwa ne saboda an adana komai.

Masu jan mayafi

Ƙasar da sojojin Najeriya suka taka ba daji ba ne kawai. Myohaung, wadda ainihin sunanta Mrauk-U, ita ce hedikwatar daular Arakan daga 1430 zuwa 1785, cike take da wuraren bauta na dutse, ciki har da Shitthaung da aka gina a wajajen 1535. Kusa da Kyauktaw, inda Runduna ta 81 ta sha wuya a watan Maris na 1944, nan ne asalin mazaunin gunkin Mahamuni, wanda mabiya Buddha na Bama suka fi girmamawa, kafin sarkin Bama ya ci Arakan ya ɗauke shi.

Domin fahimtar matsayin limaman Buddha a siyasar ƙasar, sai a kwatanta da Arewa. Bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, Turawa sun bar sarakuna da alƙalai a kan kujerunsu, suka yi mulki ta hannunsu. A Bama kuwa, da suka ci Mandalay a 1885 sai suka kori Sarki Thibaw zuwa Indiya suka rushe sarautar baki ɗaya. Sarki shi ne majiɓincin addini, don haka rushewarsa ta bar limamai ba uba. Su kuma suna cikin kowane ƙauye, su ke koyar da yara karatu, kullum safe suna zagawa da ƙwarya jama’a na zuba musu abinci, abin da ba zai zama baƙo ga wanda ya san tsangaya ba. Da talaka ya rasa sarki, sai ya juya ga malami.

Ledi Sayadaw, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1923, ya ga cewa tunda babu sarkin da zai kare addini, sai jama’a su kare shi da kansu. Ya sauƙaƙa littattafai masu wuya, ya buɗe wa manoma da ’yan kasuwa da mata ilimin zaman natsuwa da zurfafa tunani, wanda a da sai ’yan halwa. Ya kuma sa baki a rikicin takalmi, lokacin da Turawa ke shiga wuraren bauta ba tare da sun tuɓe takalmansu ba, rikicin da ya tilasta wa gwamnati sassautawa a 1919.

U Ottama ɗan Arakan ne, an haife shi a yankin Akyab a 1879. Ya yi karatu a Kalkata, ya zauna a Japan yana koyarwa, ya dawo da aƙidar cewa ƙasar Asiya na iya tsayawa da ƙafarta. A 1921 ya fito fili ya nemi gwamnan Turawa, Reginald Craddock, ya koma ƙasarsu. Shi ne limamin Buddha na farko da Turawa suka ɗaure saboda jawabin siyasa, daga nan kuma ya riƙa shiga da fita kurkuku. Ya rasu a Rangoon ranar 9 ga Satumba, 1939, kwanaki kaɗan da fara yaƙin duniya, kuma ’yan Rakhine na tunawa da wannan rana har yau. Takwaransa U Wisara ya shiga yajin cin abinci a kurkuku saboda an hana shi sa mayafinsa na addini, ya mutu a watan Satumban 1929 bayan kwana 166. Babban titi a Yangon na ɗauke da sunansa, mutum-mutuminsa na tsaye kusa da haikalin Shwedagon.

A lokacin yaƙin, hanyoyin limaman sun rarrabu. U Seinda, wani limamin Arakan, ya jagoranci ’yan sari-ka-noƙe a kan Japan, bayan yaƙi kuma ya juya makami kan gwamnatin da ta biyo baya. Mahasi Sayadaw kuwa ya koma ƙauyensu kusa da Shwebo, kuma a 1945, ana ruwan bama-bamai a maƙwabtansa, ya rubuta babban littafinsa kan zaman natsuwa cikin wata bakwai. Bayan samun ’yanci a ranar 4 ga Janairu, 1948, gwamnatin U Nu ta gayyato shi Rangoon, almajiransa kuma suka yaɗa koyarwarsa har Turai da Amurka. Waɗannan malamai ba su da jirgin yaƙi ko baitulmali. Abin da ya raya sunansu shi ne almajirai masu rubutawa da jama’a masu maimaitawa, sai kuma sabuwar ƙasa da ke buƙatar gwarzayen kanta.

Bashin da ke Arakan

Girmama malami ba ya hana a duba abin da aka yi da sunan addininsa. Da Turawa suka gudu daga Arakan a 1942, rikici ya ɓarke tsakanin mabiya Buddha, waɗanda da yawansu suka karkata ga Japan a farko, da Musulmin arewacin yankin, waɗanda suka tsaya da Birtaniya. An kashe dubbai daga kowane ɓangare. Sojojin Afirka sun iso ne a kan wannan toka, kuma Musulmin Arakan sun yi musu jagora da leƙen asiri.

Labarin Isaac Fadoyebo, ɗan yankin Owo da ke Jihar Ondo ta yau, ya nuna zurfin wannan alaƙa. An harbe shi a bakin Kogin Kaladan a watan Maris na 1944, aka bar shi a matsayin gawa tare da wani sojan Saliyo, David Kargbo. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye su yana ciyar da su na tsawon watanni, alhali da Japanawa sun gano da sun hallaka shi da iyalinsa. An san wannan labari ne saboda Fadoyebo ya iya rubutu, ya kuma rubuta abin da ya same shi, daga baya ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawu har ya gano zuriyar Shuyiman.

Kwarin Kalapanzin, wanda barikin Kaduna ke ɗauke da sunansa, yana tsakiyar ƙasar ’yan Rohingya. Daga watan Agustan 2017, fiye da 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangaladash saboda farmakin sojojin Myanmar, bayan shekaru na wa’azin ƙiyayya daga wasu limamai irin su Ashin Wirathu. Limaman ƙasar ne kuma suka cika titunan Yangon a 2007 suna adawa da mulkin soja, aka harbe wasu aka ɗaure wasu. Mayafi ɗaya ne, zukata ne daban. Ƙasar da ta maka Myanmar a Kotun Duniya a watan Nuwamban 2019 bisa zargin kisan ƙare dangi ita ce Gambiya, wadda sojojinta suka yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da ’yan Najeriya a Kaladan. Tun juyin mulkin 1 ga Fabrairu, 2021, yaƙi ya sake mamaye yankin, kuma a 2024 mayaƙan Arakan Army suka ƙwace Kyauktaw da Mrauk-U daga hannun soja.

Dawowar ’yan mazan jiya

Sai a 1946 akasarin sojojin suka dawo gida. Sa’adu Zungur ya tarbe su da waƙarsa “Maraba da Soja”, wadda ta haɗa yabon jarumtarsu da batun ’yanci. Tarbar gwamnati ba ta kai haka armashi ba. Wani binciken ’yan jarida da Aljazeera da jaridar Guardian suka wallafa a 2019 ya bankaɗo takardun da ke nuna cewa kuɗin sallama ya bi launin fata: farabiti Bature na samun sule 10 kan kowane watan aiki, baƙar fatar Afirka mai irin muƙaminsa sule uku da sisi. Hukuncin bulala, wanda aka daɗe da haramtawa ga sojan Bature, bai gushe a rundunonin Afirka ba sai 1946. Babu baƙar fatar Afirka ko ɗaya da ya samu lambar Victoria Cross a duk yaƙin. Samun muƙamin hafsa kuwa, a wannan yaƙi, abu ne da sai a 1942 aka fara ba ɗan Afirka ta Yamma, Seth Anthony na Gana, wanda shi ma ya yi yaƙi a Bama.

A Ankara, tsofaffin sojoji sun yi maci ranar 28 ga Fabrairu, 1948, suna neman haƙƙinsu, ’yan sanda suka harbe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta ’yancin Gana, kuma ƙasar na tunawa da sunayensu duk shekara. A Arewa lamarin ya sha bamban. Tsohon soja ya koma hannun dagacin da ya tura shi. Masu sa’a sun samu aikin ɗan doka ko masinja ko direba ko maigadi, saura suka koma garma da kasuwar auduga. Masana irin su G. O. Olusanya da David Killingray sun nuna cewa rawar tsofaffin sojoji a siyasar neman ’yancin Najeriya ba ta kai yadda ake zato ba. Ba su da ƙungiya mai ƙarfi, yawancinsu ba su yi boko ba, ’yan siyasar da suka karɓi mulki kuma ba su ga ribar ɗaukaka mutanen da suka yi wa Sarkin Ingila yaƙi ba. Ranar tunawa da su ma, 11 ga Nuwamba, an mayar da ita 15 ga Janairu domin ta dace da ƙarshen yaƙin basasa na 1970. Sai a 2018 gwamnatin Birtaniya ta ware fam miliyan 11.8 domin ciyar da tsofaffin sojojin ƙasashen rainonta da matan mamatansu, lokacin da mafi yawansu sun riga sun kwanta dama.

Wa ke riƙe da alƙalami?

Idan aka jera rayuwar mutanen nan uku, abin da ya bambanta su ba yawan jarumta ba ne. Adimiral yana da daula a bayansa, da ’yan fim da marubuta. Limami yana da almajirai da al’ummar da ta ɗauke shi nata. Sojan gona ya faɗa tsakani: daular da ya yi wa aiki ta tattara ta tafi, ƙasar da ta gaje ta kuma ba ta ɗauki yaƙin a matsayin nata ba. Cire darasin tarihi daga manhajar makarantun firamare da ƙananan sakandare a wajajen 2009, wanda ba a dawo da shi a hukumance ba sai 2022, ya ƙara binne abin da ya rage.

Amma ƙofa ba ta rufe ba. Allon tunawa da ke maƙabartar Taukkyan, kusa da Yangon, na ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, ciki har da sojojin Najeriya, kuma hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen rainon Ingila ta sa rajistarta a intanet, kowa na iya neman suna. Takardun Lardin Katsina na zamanin Turawa suna ajiye a Ma’adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci yana cikin gidaje: takardar sallama a ƙasan adaka, lambar Tauraron Bama a cikin tsumma, da tsohuwar da ta san ranar da wanta ya hau jirgin ƙasa bai dawo ba. Wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 16 a 1943 an haife shi ne a 1927, don haka shaidun gani da ido sun kusa ƙarewa, ’ya’yansu ma sun manyanta. Ɗaliban tarihi da aikin jarida na Jami’ar Umaru Musa ’Yar’aduwa da ta Dutsin-Ma da ta Ahmadu Bello na iya tattara wannan da wayar hannu kawai, gunduma bayan gunduma.

Batun kuma bai tsaya ga jiya ba. A yau ’ya’yan manoman Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Bakori da Ƙanƙara ne ke fuskantar ’yan bindiga, wasu cikin kakin soja da na ’yan sanda, wasu cikin rundunar tsaron al’umma da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar a watan Oktoban 2023 da matasa fiye da 1,400. Idan ɗayansu ya faɗi, sanarwa kan zo da adadi, sau da yawa ba suna. Tambayoyin da ya kamata matasa su riƙa yi wa ’yan majalisarsu da shugabannin ƙananan hukumominsu a bayyane suke: ina rajistar waɗanda suka mutu a bakin aiki, nawa doka ta tanadar wa iyalansu, kuma su wa aka biya? Sunan da aka rubuta shi ake iya bin haƙƙinsa. Sojojin Bama sun dawo a lokacin da alƙalami ke hannun Razdan. Jikokinsu sun yi karatu, suna da ƙuri’a, kuma babu wanda zai rubuta musu sunayen nan idan su ba su rubuta ba.